Wa Ya Danna "Eh" a Fom ɗin Divina?

Tun daga ƙasan bene Divina ta fara kwarara ihu, wayarta a sama, jakarta tana dukan ƙugunta.

"Nanay! Nanay, sun kira ni! Sun sa ranar ganawar biza!"

Mahaifiyarta Nanay Perla, wato inna Perla a yarensu na Filifin, ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Tana jin an ce Montreal, ranar sha bakwai ga wata, sai ta saki ludayin, ta dafe ƙirji ta zauna daɓas a tsakar falo. Uwa da 'ya suka ƙanƙame juna, kuka da dariya duk a haɗe.

Ai dole su yi. Shekara goma sha uku ke nan da Nanay Perla ta shigar da takardar neman 'yarta ta zo Amurka, tun Divina na sabuwar nas a garinsu Iloilo. Da jiran ya yi tsawo ne Divina ta samu aiki a gidan kula da tsofaffi a nan Windsor ta Kanada, don ya zama kogi kawai ya raba ta da uwarta da ke Detroit. Duk Lahadi Nanay ke hayowa da tukunyar taliyar pancit, ta ciyar da ita, ta yi mata faɗa, ta koma.

Sharaɗin takardar kuwa kowa ya san shi: 'yar da ake nema kada ta yi aure. Ranar da aka ɗaura mata kafin ta shiga, ranar takarda ta mutu.

Shi ya sa saurayinta Rodel yake jira shekara uku cur. Yana tsaye a ƙofar kicin da tawul a kafaɗa, bakinsa har kunne. Tumatir yake tsinka a rumfunan gilashi na Leamington, kuma shirinsu da Divina a tsare yake: ta haye, ta karɓi katinta na zama, su yi aure, ita ma ta nemo shi.

Nanay dai ba ta cikin wannan shiri. Duk zuwan da za ta yi, Rodel zai rusuna ya nemi hannunta don ya ɗora a goshinsa, gaisuwar da ko ɗan maƙwabta ke yi wa babba. Ita kuma kullum sai hannun ya zama yana riƙe da wani abu. Shekara uku hannun Nanay bai taɓa zama banza a gaban Rodel ba.

Yau kuwa ba ita kaɗai ta zo ba. A kan kujera akwai aminiyarta Tita Bebeng, wato gwaggo Bebeng, mai gidajen kula da tsofaffi har uku a bayan Detroit, da ɗanta Jerome, ɗan ƙasar Amurka haifaffen can, wanda turarensa ya riga shi shigowa.

"Kai, madalla!" in ji Tita Bebeng tana tafa hannu, awarwaronta na ƙara. "Perla, ina kwafin fom ɗin da kuka tura? Kawo in duba muku. Ni fa nas-nas nawa suka bi ta hannuna."

Nanay ta zaro shi daga jaka cikin alfahari. Tita Bebeng ta ɗora tabarau a karan hanci, tana lasar yatsa tana buɗe shafi. Can sai yatsan ya tsaya.

"Susmaryosep! Wa ya cike wannan?"

Divina ta matso kusa. "Me ya faru, Tita?"

"Saurara ki ji. 'Shin ke ma'aikaciyar lafiya ce da ke neman shiga ƙasar don yin wannan aikin, alhali ba ki da takardar tantancewa?' Me aka amsa? Eh! Anak, 'yata, kina da takardar tantancewar?"

"Ban yi ba tukuna. Na ce sai na shiga..."

"To kin rubuta musu da hannunki cewa ke irin wadda ake hanawa ce. Shekara goma sha uku, Perla! Wa ya danna wannan?"

 Divina ta tuna ranar sarai. Suna tsakiyar cikewa, Rodel a gaban kwamfuta, Nanay a waya ta bidiyo, aka kira ta daga wurin aiki wata tsohuwa ta faɗi a banɗaki. Ta suri jaka ta fita, ta bar su su ƙarasa shafin ƙarshe.

A hankali ta juya ta kalli ƙofar kicin.

Rodel ya dubi Nanay, ya dubi baƙin, ya sunkuyar da kai.

"Ni ne, Tita. Hannuna ne ya danna."

* * *

Jerome ne ya fara dariya, irin dariyar nan ta ta hanci.

"Dabara ke nan, abokina. In an hana ta biza ai ta zauna maka a Windsor, ko ba haka ba? Ni ban ga laifinka ba. Wa zai so kazarsa ta tsallake katanga?"

"Jerome, kama bakinka," in ji Divina.

"A'a, ƙyale shi ya faɗa!" Tita Bebeng ta ajiye tabarau. "Perla, tun yaushe nake gaya miki? Amma ba komai. Allah ya sa muna nan. A bar wannan takardar ta mutu mutuwarta. Jerome ya aure ta, ya nemo ta a matsayin matarsa, shekara ɗaya ta yi yawa. Aiki kuma ga shi yana jiranta a wurina."

Nanay Perla ta sunkuyar da kai. Fuskarta ta yi fari fat, tana murza bakin siket ɗinta. Divina ta ɗauka ɓacin rai ne ya ɗaure mata harshe.

Rodel ya ninke tawul ɗin ya ajiye, ya ɗan rusuna wa manyan, ya fita. Divina ta bi shi da gudu ko takalmi babu, ta cim masa a bakin motarsa.

"Rodel, tsaya! Dube ni."

Ya tsaya, amma bai dube ta ba.

"Ka ce mini kuskure ne. Ka ce ba ka karanta da kyau ba, ni na yarda."

"Na karanta, Divina. Sau uku na karanta."

"To don me?" Hawaye suka ɓalle mata. "Kai ka san abin da takardar nan ta ci mini. Ƙannena biyu sun yi aure ina kallo. Babana ya mutu yana tambayar ko lambata ta fito. Kai da bakinka ka ce za ka jira ni ko shekara goma ce. Ko tsoro kake in na haye in manta da kai?"

"Tsoro kam ina ji," ya ce a hankali. "Duk lokacin da na ga fitilun Detroit sai tsoron ya taso mini. Amma ban taɓa roƙon Allah ya hana ki ba, ko sau ɗaya."

"To wa ya sa ka danna?"

Ya kalli tagar falon inda labule ke motsi.

"Na ce miki hannuna ne."

"Shi ke nan abin da za ka ce mini? Rodel, ina son ka, amma kada ka sa in zaɓa tsakaninka da uwata alhali ban san ko wane ne kai ba."

Nan ne ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ba ni kwana biyu. In ban kawo gyara ba, ki auri mai turaren. Ni da kaina zan dafa abincin bikin."

Ya ja motarsa ya tafi, ya bar ta tsaye a kan siminti mai sanyi tana sharar hawaye da bayan hannu.

* * *

Kwana biyun nan Divina ba ta san yadda ta yi su ba. Tita Bebeng ta kira sau shida. Jerome ya aiko da furanni masu girman da sai da aka karkata su suka shiga ƙofa. Nanay kuwa, wadda kullum sai ta kira sau uku ta tambayi ko an ci abinci, shiru kake ji.

Ranar Talata da la'asar, tana fitowa daga aiki ta tarar da motar Rodel a bakin ƙofa. A kujerar gaba wata 'yar tsohuwa ce, gashi fari sol, tana cin gyaɗa tana zuba ɓawon a tafin hannu.

"Ke ce mai eh ɗin?" in ji tsohuwar. "Shigo, shigo, sanyi na kashe ni."

Manang Cion ke nan, wato yaya Cion. Shekara talatin da biyar ta yi tana aikin nas a Detroit kafin ta yi ritaya, kuma rabin nas-nas ɗin cocinsu ita ta duba musu fom. Ashe coci uku Rodel ya zaga yana tambaya kafin aka kwatanta masa gidanta a garin Chatham.

Divina ta ɗora hannun tsohuwar a goshi, ta miƙa mata kwafin. Manang Cion ta karanta ta fashe da dariya har tana ƙwarewa.

"Wayyo mu! Ciwonmu ke nan. Mu da mun ga an rubuta nas a takarda sai jiki ya ɗauki rawa, mu ce eh tun ba mu kai ƙarshen layi ba. Ke ce ta goma sha ɗaya da na gani."

"Manang, to ta mutu ke nan?"

"Wa ya ce miki? Tsaya in tambaye ki. Asibiti ne ya nemo ki?"

"A'a, Nanay ce."

"To da wace ƙofa za ki shiga, ta aiki ko ta uwa?"

"Ta uwa."

"Shi ke nan! Tambayar nan ta waɗanda aiki ya kira ce. Ke uwarki ta kira ki. In kin shiga kika ga dama ki yi jarrabawarki ki karɓi lasin ki yi aikinki, wannan daban. Amsarki a'a ce."

Divina ta ji kamar an sauke mata buhun shinkafa daga ka. "Amma ai an riga an tura, fom ɗin a kulle yake."

"Ki je ganawarki. Za su sa ki ɗaga hannu ki yi rantsuwa. Kina sauke hannun, kafin su tambaye ki komai, ki ce akwai amsar da kike so ki gyara. Kada ki ce ke ba nas ba ce, wannan ƙarya ce, ita ce ma za ta kashe ki. Ki ce nas ce ke, amma wurin uwarki za ki. Ban yi miki alkawari ba, don ba ni ce a bayan gilashin ba. Amma goman nan da na ce miki, tara suna can Amurka suna fama da dusar ƙanƙara a Michigan."

"Ɗayar fa?"

"Ta yi aure sati biyu kafin ganawa, sakarya." Manang Cion ta harari Rodel. "Ka ji ko, mai tumatir?"

"Na ji, Manang."

Divina ta dubi ƙeyarsa. Mutumin da yake so a hana ta biza, shi ne zai ajiye aikin kwana biyu ya zaga coci uku? Zuciyarta ta fara gaya mata wani abu, amma ta kasa kama bakin zaren.

"Ni zan kai ki Montreal," ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Ke da Nanay. In ta yarda ta shiga motata."

* * *

Nanay ta shiga, amma a baya, da carbinta na rosari da kwandon abinci a cinya. Tafiyar awa tara ba ta ce wa Rodel ko sannu ba. Abin da ya ba Divina mamaki, duk inda aka tsaya sai Nanay ta buɗe kwando ta zaɓi cinyar kaza mafi girma, ta miƙa wa Divina ta ce, "Ba direba."

Washegari da safe suka rako ta har bakin ofishin jakadancin Amurka. Ba a shiga da kowa, ba a shiga da waya. Ta bar su tsaye a gefen titi, tazarar mutum uku a tsakaninsu.

Awa biyu ta yi a kan benci. Da lambarta ta fito ta nufi tagar. Jami'ar wata mace ce mai gajeren gashi, ta ce ta ɗaga hannun dama. Divina ta rantse, ta sauke hannun.

Sai muryar Manang Cion ta faɗo mata: kafin su tambaye ki komai.

"Ranki ya daɗe, akwai amsar da nake so in gyara."

Matar ta ɗago. "Wacce?"

"Ta ma'aikatan lafiya. An sa eh. Ni nas ce, ba na musu, kuma ina fatan wata rana in yi aikin in na samu lasin. Amma ba aiki ne ya kira ni ba. Mahaifiyata ce, shekara goma sha uku tana jira."

Matar ta juya ga kwamfutarta. Ta yi ta dannawa, ta yi ta dannawa. 

"Kina da aure?"

"A'a."

"Kin taɓa yi?"

"Ban taɓa ba."

Matar ta sake dannawa, ta jawo fasfon Divina ta ajiye a gefenta maimakon ta turo mata shi.

"Na gyara amsar. An amince da bizarki. Za a aiko miki da fasfon." Ta ɗan murmusa. "Ki gaishe da mahaifiyar taki."

Divina ba ta san da ƙafa ta fito ko da fiffike ba. Tana turo ƙofa ta hango su. Rodel ya cire rigar sanyinsa ya yafa wa Nanay, ita kuma ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na girgiza.

"Nanay! Nanay, an..."

"Tsaya!" Nanay ta ɗaga hannu. "Kada ki faɗa. Ko an ba ki ko an hana ki, sai kin fara jin tawa. In na ji sakamakon ba zan iya faɗa ba."

"Tita, don Allah ki bar shi," in ji Rodel. "Ya wuce."

"Yi mini shiru, kai kuma!" Ta kamo hannun Divina. "Anak, ni ce. Ni na sa shi. Da kika fita ya karanto mini tambayar, ina jin ma'aikaciyar lafiya na ce ya sa eh. Ya ce, Tita, a bari Divina ta dawo, tambayar nan tana da wutsiya. Na ce kai wa, mai tsinkar tumatir, da za ka goge wa 'yata nas ɗinta? Babanta gonarsa ya sayar ta yi karatun nan. Na ce in bai danna ba kada in ƙara ganin ƙafarsa a gidanki. Sau uku yana roƙona."

Divina ta saki baki, ta juya ga Rodel. "Kai kuma ka yi shiru? Ka bar ni ina zarginka?"

Ya sosa ƙeya. "A gaban Tita Bebeng? Kafin Lahadi duk cocin Detroit sun ji cewa Nanay ta kashe takardar 'yarta da bakinta. Da wane ido za ta shiga cikin mutane? Ni ba wanda ya san ni a can, kunyar ba ta da inda za ta kama ni."

"To ni fa? Ni ma ba za ka gaya mini ba?"

"Shekara goma sha uku kina jira ki zauna da ita. Ban so ki shiga gidanta da wannan a ranki ba."

Nanay ta sake fashewa da kuka. "Ina zaune yaron can yana zaginsa, na kasa buɗe baki. Kwana goma sha biyu ba na barci. To faɗa mini, anak. Na kashe ki, ko?"

Divina ta dube su, hawaye na zuba, dariya na ƙwace mata. Ta buɗe jakarta ta nuna musu aljihun da fasfo yake zama, wayam.

"Sun riƙe fasfon, Nanay. An ba ni!"

Ihun da Nanay Perla ta yi sai da mai gadin ƙofa ya leƙo. Rodel ya yi tsalle ya naushi iska, ya zagaya sandar fitila sau biyu kamar yaro, ya dawo ya tsaya yana haki, bai san inda zai sa hannuwansa ba. Mutanen da ke layi suka kama tafi ba tare da sun san dalili ba.

Da ƙura ta lafa, Nanay ta share fuska, ta gyara tsayuwa. Ta miƙa wa Divina jakarta. Ta miƙa mata rosarin. Ta cire safar hannunta ita ma ta ba ta. Sannan ta juya ga Rodel ta miƙa masa hannun dama, ba komai a cikinsa.

Rodel ya tsaya yana kallon hannun kamar bai san abin da ake yi da shi ba.

"To? Sai ya daskare?" in ji Nanay.

Ya rusuna, ya kama shi da hannu biyu, ya ɗora a goshinsa. Ya daɗe a haka, kafaɗunsa na rawa.

"Na gode, Tita."

"Wace Tita? Bebeng ce Tita." Ta ja hanci, ta ɗan dungure masa kai. "Nanay za ka ce. Amma ka ji ni da kyau, anak: sai ta haye kogin nan an buga mata hatimi. Ka kuskura ka kai ta gaban fada a coci ko da kwana ɗaya kafin nan, da ludayi zan bi ka har cikin tumatir ɗinka."